Sanƙon Ungulu da Fikafikan Jimina

Karatun yau: Ayuba 39:13-18, 1 Korintiyawa 12:14-26
Ayar haddacewa: Zabura 139:14

Akwai tambayar da masu bi da yawa suke ɓoyewa a zuciya, ba sa faɗa ko a taron addu'a: me ya sa Allah ya yi ni haka? Wani gajartarsa ce take damunsa, wata muryarta, wani nauyin baki, wani kuwa ƙanƙantar aikin da yake ci da shi. A Ayuba 12:7 an ce mu tambayi tsuntsaye, za su koya mana. To, yau bari mu tambayi biyu daga cikin waɗanda aka fi yi wa dariya.

Ka dubi ungulu. Kai sanƙo, wuya tsirara, tafiya ba fasali. Amma ka lura da aikinta. Tana cusa kanta cikin mushe, ta ciro abin da ya fara ruɓewa. Da gashi ne ya cika kan, da jini da ƙazanta sun manne masa. Masana tsuntsaye sun ƙara gano cewa fatar nan tana daidaita mata zafin jiki: in rana ta yi ƙuna sai ta miƙa wuya iska ta buga, in sanyi ya sauko sai ta noƙe shi cikin gashin kafaɗa. Ruwan cikinta kuma yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cuta masu halaka mutum da dabba. Cutar da ta shiga cikin ungulu, sau da yawa ƙarshenta ke nan.

Mutanen Indiya sun san darajarta bayan sun rasa ta. Daga shekarun 1990 aka yawaita ba shanu wani magani mai suna diclofenac. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin sai ƙodarta ta lalace, ta mutu. Cikin 'yan shekaru, fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu irin ungulayen ƙasar suka ƙare. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, tare da haɗarin ciwon haukan kare. A 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. Mu ma a nan, dattawa suna tuna lokacin da ungulaye suke cika mayanka da kasuwa. Yau da wuya ka gan su, kuma cikin dalilan har da masu kashe su domin sayar wa bokaye kawunansu. Ɗan Allah ba shi da hannu a wannan ciniki.

Shari'ar Musa ta hana Isra'ilawa cin ungulu, amma Allah bai taɓa cewa ba ta da aiki ba. Hausawa ma sun ce, in ungulu ta biya bukata, zabuwa ta tafi da zanenta.

Sai jimina. Ita ce mafi girma cikin tsuntsayen duniya. Namiji yakan wuce mita 2 tsayi, nauyinsa ya haura kilo 100. Ga fikafikai, amma ba ta tashi, domin ƙashin ƙirjinta shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da tudun da naman tashi yake kamawa kamar na sauran tsuntsaye. To, mene ne amfanin fiffiken da ba ya tashi? Da shi take karkata in tana gudu, da shi take yi wa 'ya'yanta inuwa a tsakar rana. Yatsu 2 kawai ne a kowace ƙafa, kuma ƙafar nan tana kai ta gudun kilomita 70 a awa guda. Har launinsu da dalili: macen, mai launin ƙasa, ita take kwanciya kan ƙwai da rana, namijin, baƙi, shi yake karɓa da dare.

Masana kimiyya suna bayanin yadda waɗannan siffofi suka daidaitu da abincin tsuntsu da mazauninsa cikin dogon zamani. Mu da muka san Mahalicci muna ganin hikimarsa a cikin daidaiton. Ka lura, Allah da kansa ne ya kawo wa Ayuba zancen jimina, a lokacin da Ayuba ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya. Bai ɓoye kasawarta ba: ya ce tana barin ƙwanta a ƙasa, kuma bai ba ta hikima ba. Amma ya rufe da cewa in ta tashi gudu, doki da mahayinsa abin dariya ne a wurinta. Wanda ya hana ta abu ɗaya, shi ne ya ba ta wani.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga inda Shaiɗan yake kama mutane. Yakan sa jimina ta zauna tana kallon gaggafa, tana kukan fiffike, har zaki ya iso ta manta tana da ƙafa. Shekara nawa ka yi kana ƙin hidima domin ba ka iya wa'azi kamar wane ba? Ke kuma, sau nawa kika raina sharar majami'a, da jinyar marasa lafiya, da zama da gwauraye, domin ba a kiran sunanki a gaba? Wannan aikin ungulu ne: ba a yabonsa, amma ranar da ya tsaya kowa zai ji wari. Manzo Bulus ya koya mana cewa gaɓoɓin da ake gani raunana su ne ba a iya yi ba tare da su ba. Musa ya kawo ƙarar nauyin bakinsa, Allah ya aike shi gaban Fir'auna duk da haka. Gajartar Zakka ce ta hau da shi itace, a can kuma Yesu ya ɗaga ido ya kira sunansa.

A kula fa. Zunubi ba halitta ba ne. Kada mai fushi ko mai ƙarya ya ce haka Allah ya yi shi. Wannan tuba yake bukata. Mai ciwo kuma ya nemi addu'a, ya nemi magani. Amma siffarka, da baiwarka, da wurin da Ubangiji ya ajiye ka, ka daina yi musu kallon kuskure. Ka daina kuma yi wa wani ba'a a kan nasa.

Abin yi yau: Ka ambaci abu ɗaya da ka daɗe kana gunaguni a kansa, ka yi wa Allah godiya dominsa da bakinka. Sa'an nan ka nemi mutum ɗaya mai hidimar da ba a gani a ikkilisiyarku, ka gode masa.

Addu'a: Ya Uba Mahalicci, ka gafarta mini gunagunina. Na ƙi kowace muryar da take cewa ni kuskure ne. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idona in ga abin da ka sa a hannuna, ka ba ni ƙarfi in yi aiki da shi tun yau. A cikin sunan Yesu. Amin.