Tsohuwar mota da amanar gyara

A shekarar 1960 kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da motar da ake kira 404, a 1968 kuma ya biyo ta da 504. Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai kafin ƙarshen ƙarnin da ya gabata ya san su: bashe mai ɗaukar buhunan gero da albasa zuwa kasuwannin ƙauye, da doguwar nan mai kujeru jeri uku da ke jigilar matafiya tsakanin birane. Waɗansu ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka shigo. Waɗansu samarin Turawa suka koro su ta Sahara, suka biyo Tamanrasat, Asamaka, Arlit da Agadas, suka sayar, suka koma gida ta jirgin sama. Waɗansu kuma daga Kaduna suka fito, inda aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a 1975, aka yi ta fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Yau an daina ƙera su ko'ina a duniya, kuma waɗanda suka rage suna raye ne da hannun makaniki.

Tsohuwar mota tana ɗauke da tambayar da ta daɗe tana wahalar da masu tunani. A ɗauki 504 da ta shekara hamsin bisa hanya. An sauya mata inji sau biyu, akwatin giyarta na wata ƴar'uwarta ce da ta yi hatsari, ƙofofinta an sayo su wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, kujerunta maɗinki ya sake musu riga, fentinta ya kai shafi huɗu. Shin ita ce motar da ta fito daga masana'antar Sosho, ko kuwa wata ce da ta gaji sunanta? In kuma ita ce, a ina ainihinta ya ɓuya, tunda kusan ba abin da ya rage daga ƙarfen farko?

Girkawan dā sun yi wannan muhawara game da jirgin ruwa. Marubuci Pulutark, wanda ya rayu a ƙarni na farko zuwa farkon na biyu na Miladiyya, ya ba da labarin cewa mutanen Atina sun adana jirgin gwarzonsu Tesiyus shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu: masu cewa jirgin yana nan, da masu cewa ya tafi tuni. A 1655 Tomas Hobs na Ingila ya ƙara wa zancen wuya. Ya ce a ƙaddara wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan da ake zubarwa, ya harhaɗa su suka zama jirgi. To wanne ne na Tesiyus cikin biyun? Duk wanda ya taɓa zagaya bayan gareji ya ga gangar jikin mota a yashe, alhali injinta na can yana jan wata, ya san cewa tambayar Hobs ta wuce wasan kwakwalwa.

Amsoshi uku ake ji. Ta hukuma ita ce mafi gajarta: mota ita ce lambar shasinta da takardar da ke ɗauke da wannan lamba. Amsa ce mai amfani ga duwan da jandarma, amma ba ta ƙosar da mai tunani, domin lamba tana iya zama daram bisa ƙarfen da ya riga ya mutu. Ta biyu ita ce ta masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka, waɗanda ke ganin darajar mota cikin kayanta na asali, har sukan fifita fentin masana'anta da ya kwaɗe bisa sabon fenti mai ƙyalli. Ta uku ita ce ta makanikin bakin tasha: mota ita ce abin da ke tashi in an murɗa makulli, ya kai mutane inda za su. Abin da ya dame shi game da sabon kayan da zai ɗaura shi ne ya zauna daidai, ko daga ina ya fito.

Sau da yawa ana raina wannan amsa ta uku, ana ɗaukarta dabarar talauci kawai. Gaskiya ne talauci na da hannu a ciki. Bayan karya darajar sefa a watan Janairu 1994, lokacin da faran guda na Faransa ya koma sefa 100 maimakon 50, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsada ƙwarai, makanikai suka ƙara ƙwarewa wajen raya abin da a dā za a jefar. Haka ya faru a Kiyuba, inda takunkumin Amurka tun farkon shekarun 1960 ya hana shigar kayan gyara, har aka wayi gari motocin Amurka na shekarun 1950 suna yawo a Habana da injunan gazuwal na waɗansu ƙasashe. Amma dabarar ta samu gindin zama ne domin motar da kanta an ƙera ta ta karɓi gyara. Injin 504 mai shan isansi, alal misali, ramukan da fistan ke kai da kawowa a ciki bututu ne da ake zarewa a sa sabo, ta yadda injin da ya gaji zai iya komawa aiki ba tare da an sauya shi dungum ba. Babu kwamfuta tsakanin makaniki da injin. Kunne, ido da hannu sun isa su gano ciwon. Shi ya sa yaron gareji ke fara koyo da wanke kafireto da goge buji, wanda na kusa da iyakar Najeriya ke kira fulogi, kafin ubangidansa ya yarda ya buɗe inji.

Ƙasar Nijar kuwa tana da nata misalin da ya girmi mota. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, asalinta na farkon ƙarni na 16 ne, an sake gina ta a 1844, kuma tun daga nan ana sabunta mata yaɓe. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta su ne matakan magina. Ƙasar da ke fuskarta yau ba ita ce ta zamanin masu ginin farko ba, amma ba wanda ya taɓa shakkar cewa hasumiyar ita ce, kuma UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Haka masallacin Yama na ƙasar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 kuma ya samu kyautar Aga Khan a 1986: da jama'a za su daina yaɓa shi, damina kaɗan ta isa ta cinye shi. Ginin ƙasa yana koyar da cewa abu yana ɗorewa ne ta hanyar kulawar da ba ta yanke ba. In aka auna mota da wannan ma'auni, 504 da aka sauya wa komi sannu a hankali, tana aiki tsakanin gyara da gyara, ta fi cancantar sunanta bisa wadda aka kulle cikin ɗaki da kayanta na asali har tayoyinta suka tsage, injinta ya daskare.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka, kuma a iyakar ne tambayar ta tashi daga falsafa ta koma ta ɗabi'a. Yaɓe yana rufe bango a gaban kowa, kowa ya san ranar da aka yi shi. Gyaran mota kuwa yawancinsa a ɓoye yake, ƙarƙashin fenti da cikin inji, inda mai saye ba ya gani. Akwai bambanci babba tsakanin wanda ya yanke ƙarfen da tsatsa ta ci ya yi waldar sabo, da wanda ya cike ramin da mastik ya fesa fenti a kai. Akwai bambanci tsakanin wanda ya sake wa inji zobba, da wanda ya zuba masa mai mai kauri don ya ɓoye hayaƙi da ƙara har a gama ciniki, ko ya mayar da agogon kilomita baya. Dukansu sun taɓa motar, dukansu sun sa ta yi kyau a ido. Na farko ya ƙara mata kwana, na biyu ya yi mata kyan ɗan maciji.

Masu kula da kayan tarihi sun gane haka tun da daɗewa. Yarjejeniyar Benis ta 1964 game da gyaran tsofaffin gine-gine ta nemi duk abin da aka ƙara ya dace da na asali, amma a iya bambanta su, don kada gyara ya zama ƙarya ga tarihi. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda ke ɗaukar mota a matsayin ta tarihi in ta kai shekara 30, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, inda ta ƙarfafa a riƙa hawa motocin, a kuma rubuta duk canjin da aka yi musu. Fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasashen nan ya riga su: mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da ikon mayar da haja in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Duka ukun sun halatta canji, sun haramta ɓoye shi.

Iyaka ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin rai ne a ciki. Hasumiya ba ta gudu bisa kwalta da mutum tara a cikinta. Robar birki tana tsufa ta tsage ko ba a taka motar ba, man birki yana shan danshi ya rage ƙarfi, ƙarfen sitiyari da ya taɓa karyewa aka yi masa walda ba ya komawa yadda yake. Motar da aka tsara a shekarun 1960 ba ta da kariyar da ake sa wa motocin yanzu. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Mai mota yana da ikon ya ƙaunaci abin da ya gada daga mahaifinsa, ya kashe mata kuɗin da ya fi ƙimarta, kuma ba mai ce masa don me. Amma ƙaunarsa ba ta ba shi ikon ya ɗora wa fasinja haɗarin da fasinjan bai sani ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce sabo turken wawa, kuma mai tsohuwar mota yana bukatar duka biyun.

Ke nan makanikin kirki yana ɗauke da amana iri biyu: ya raya abin da ke iya rayuwa, ya kuma faɗi gaskiya ranar da gyara ya ƙare. Ta biyun ta fi wuya, domin tana rage masa ciniki, tana kuma ɓata ran mai mota. Duk da haka ita ce ke sa a yarda da aikinsa na sauran kwanaki. Motar da ba ta cancanci ɗaukar mutane ba tana iya ba da kayanta ga ƴan'uwanta, ko ta zauna a farfajiyar makarantar koyon sana'a, yara su buɗe ta su ga yadda inji ke aiki.

Akwai aikin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu. Tsofaffin makanikan da suka san 404 da 504 ciki da waje suna ƙarewa, kuma kaɗan daga abin da suka sani aka rubuta: sunayen kayan inji da Hausa, dabarun gyara a daji, labarin hanyoyi kafin kwalta. Yadda ake zuwa wurin maƙera, magina da dukawa a ɗauki iliminsu, haka ya kamata a je gareji da littafi da na'urar ɗaukar murya, tun masu ilimin suna iya ba da shi da bakinsu.