Hukuncin La'adar Mai Kai Wa Kamfanin Inshora Mutane

 Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wata hanyar samun kuɗi da ta yaɗu a tashoshin mota da ofisoshin sabunta takardun abin hawa, watau mutum ya riƙa kai wa wakilin kamfanin inshora masu sayen takarda, a ba shi la'ada a kan kowane mutum guda, alhali shi kansa ba shi da lasisin wannan aiki. Shin kuɗin nan halal ne?

Dillanci dai a asalinsa ba laifi ba ne. Imam Buhari ya ware babi a kan ladan dillali, ya kawo cewa magabata irin su Ibn Sirina da Aɗa'u da Hasanul Basari ba su ga aibinsa ba. Malamanmu na Malikiyya kuwa sukan sanya shi a babin ji'ala, watau a yanka wa mutum lada sananne wanda ba zai karɓa ba sai aikin ya kammala. Saboda haka wanda ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya ci guminsa, kamar dillalin shanu a kara. Amma fa halaccin la'ada yana bin halaccin hajar da aka yi wa dillanci, kuma nan ne maganar take da nauyi.

A shekarar 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinta wanda ke ɓata ciniki, domin mai biya bai san ko zai karɓi wani abu ba, bai kuma san nawa ba. Ta halatta inshorar taimakekeniya, wadda ake kira takaful, inda jama'a ke zuba gudummawa a asusu guda don agaza wa wanda asara ta faɗa wa. Kamfanin farko na irin wannan an kafa shi a Sudan a 1979, a Nijeriya kuma Hukumar Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, yanzu ga kamfanoninsa suna aiki. Gaskiya ne malamai da yawa sun yi rangwame ga mai mota wanda doka ta tilasta masa yin inshora, amma rangwamen lalura na wanda aka tilasta wa ne. Babu wanda ya tilasta wa dillali, shi neman riba ya kawo shi, don haka lalle ne ya duba inda yake kai mutane.

Sa'an nan sai batun lasisi, wanda wasu ke ɗauka takardar Bature ce kawai da ba ta shafi addini ba. Wannan kuskure ne. Dokar ƙasa ta hana kowa yin sana'ar wakilci ko dillancin inshora sai da rajistar hukuma, kuma duk dokar da shugabanni suka kafa don tsare dukiyar jama'a, matuƙar ba ta saɓa wa shari'a ba, binta wajibi ne. Ka nuna wa maƙwabcinka ƙofar ofis, ka ce ga wurin da na sani, wannan abu ɗaya ne. Amma ranar da ka fara karɓar kuɗi a hannun mutane, kana yi musu bayanin abin da kamfani zai biya da wanda ba zai biya ba, kana miƙa musu takarda, to ka shiga rigar wakili ba tare da an naɗa ka ba, kana ba da tabbaci a kan abin da ba ka da iliminsa.

Ku dubi abin da ke biyo baya. Tun daga farkon 2023 kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Sai ga wani a bakin ofis yana cewa zai samo maka a kan rabin haka. Direba ya biya, ya sa takarda a aljihun mota, hankalinsa kwance. Ranar da ya buge motar wani, ko kuwa ya raunata ɗan mutane, sai a duba a tarar babu sunansa a rajistar kowane kamfani, takardar jabu ce. Direba ya shiga bashi, wanda aka raunata ya rasa kuɗin magani, shi kuwa ɗan kamasho ya daɗe da cinye 'yar la'adarsa. Ko ya rantse bai san jabu ba ce, ai da amincinsa aka saya, kuma bincike yana wuyansa tun kafin ya buɗe baki.

Akwai wani ha'incin da ya fi wannan ɓoyuwa. Ɗan'uwanka ya zo neman shawara, yana zaton nasiha kake yi masa domin Allah, kai kuwa kana tura shi inda aka fi ba ka kaso. Wanda aka nemi shawararsa amana aka ɗora masa. Idan kana da la'ada a ciki, faɗa masa, ya shiga da idonsa biyu. In kuwa an ɗora la'adar a kan kuɗin da zai biya bai sani ba, to dukiyarsa aka ci da ɓarna.

Wanda yake son wannan sana'a, hanya a buɗe take: ya je kamfanin takaful mai rajista, ya nemi a ɗauke shi wakili, a koya masa aikin, a nema masa lasisi, a rubuta la'adarsa a takarda. Wanda kuma ya riga ya kai mutane aka ba su takardun jabu, tuba ba ta cika masa sai ya neme su ɗaya bayan ɗaya, ya sanar da su cewa motocinsu ba su da inshora, ya mayar musu da abin da ya ci daga kuɗinsu.