Da Me Za a Tuna da Tsohon Soja?

A ƙasar Gwandu, a garuruwa irin su Jiga Birni da Aliero da Jega da Maiyama, an yi waɗansu dattawa waɗanda rayuwarsu ta kasu uku. Da ƙuruciya sun yi soja, da suka komo suka shiga aikin ɗan doka na En'e, da tsufa kuma suka zauna a zaure jikoki na kewaye da su. In irin wannan dattijo ya rasu, masu ta'aziyya sukan ce, "Allah ya jiƙan mazan jiya." To, da wanne daga cikin ukun nan ya kamata a auna shi?

Mutane da yawa za su ce da soja, kuma suna da hujja. A 1943 aka ɗebi sojan Afirka ta Yamma cikin jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga ƙasar Bama don su kara da Japanawa. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan cikin 1944, kuma a Janairu 1945 ita da Runduna ta 82 suka ci garin Myohaung. Saurayin da ya tashi cikin gero da dawa, bai taɓa ganin teku ba, sai ga shi cikin ƙungurmin daji yana ɗauke da kaya a ka, ga ruwan sama, ga zazzaɓi, ga harsashi. Har yau sunayen barikoki suna ɗauke da labarin: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Dodan a Ikko. Lalle wannan jaruntaka ce. Amma soja umurni ya ke bi, ba shi ya zaɓi abokin gāba ba, lambar girma kuwa tana shaidar abin da hafsa ya gani ne kaɗai.

Waɗansu kuma za su ce da jikoki za a auna shi, domin a nan babu kaki, babu albashi, babu mai ba shi oda. Shi ne mai kai yaro makarantar allo, mai ɓoye ƙuli-ƙuli cikin aljihu, mai kiran jikanyarsa amarya don wasan da ke tsakanin kaka da jika. Wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai ko kura tana son ɗanta. An sha ganin mutum mai taushin hali cikin gida, a waje kuwa talakawa na gudunsa. Don haka ƙaunar jini ita kaɗai ba ta isa shaida ba.

Saura aikin tsakiya, watau ɗan doka, wanda masu yabo suka fi saurin tsallakewa. Dalili kuwa sananne ne. Kafin a haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960, su ne hannun hakimi da alƙali. Su ke tsaron kasuwa irin ta Jega, su ke kamo wanda ya kasa biyan haraji, su ke bin Fulani lokacin jangali. Talaka ba shi da lauya, ba ya iya rubuta ƙara, abin da ɗan doka ya faɗa a gaban alƙali yakan fi nasa nauyi. A Bama an ba mutumin nan bindiga, ga wani mai bindiga a gabansa. A gida kuwa an ba shi kulki, ga marar ƙarfi a gabansa, kuma babu hafsa mai kallo. Nan ne hali ke fitowa fili. Ya karɓi toshiya ko ya ƙi? Ya mari tsoho don a ga ƙarfinsa, ko ya bar shi ya sha ruwa a hanya? Ya ƙara wa magana gishiri a majalisa, ko ya faɗi iyakar abin da ya gani?

Saboda haka, mai son ya san ko wane ne mamacin, ya duba tabarmar ta'aziyya. Tsofaffin abokan soja za su zo don zumunci, jikoki za su yi kuka don jini. Amma in aka ga wani wanda marigayin ya taɓa ɗaure wa hannu ya tako da ƙafarsa, ya zauna, ya yi masa addu'a da zuciya ɗaya, to, wannan shaida ta fi lambar tagulla.

Addini ya hana zagin matattu, amma bai ce a yi musu yabon ƙarya ba. Wanda ya yi zalunci a roƙa masa gafara, in akwai hakkin wani a kansa magada su biya. Wanda ya riƙe amana a faɗa wa jikokinsa, domin cikinsu akwai masu sa kaki gobe. Wanda ya tafi Bama yana ɗan shekara 20 a 1944 yanzu ya wuce 100, masu ba da labarin da bakinsu sun kusa ƙarewa. Ran 15 ga Janairu na kowace shekara gwamnati takan tuna da mazan jiya da fareti da furanni. Mutanen gari kuwa nasu aikin shi ne su riƙe labarin yadda mutumin ya yi da iko sa'ad da ya same shi. Allah ya jiƙansu, amin.