Ruwan Kogi: Ina Iyakar Haƙƙin Na Sama?

Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suna gangarowa daga yamma da kudu, su bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa, kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Wannan bazuwar ita ta haifi fadamar Haɗeja-Nguru. Da damina ruwa ya malale, a shuka shinkafa, masunta su fito da koma da mali. Idan ya janye a bi danshi da wake da kayan lambu, Fulani su sauko da shanu, tsuntsaye kuma su iso daga Turai su yi hunturu.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 aka ƙara ta Challawa. Su ke shayar da birnin Kano, Tiga kuma ita ke ciyar da noman rani na Kadawa da Kura, inda tumatir da shinkafa ke fita zuwa kasuwannin ƙasar nan. Alheri ne babba, ba mai musun haka. Amma tun daga lokacin malalen da ke isa fadama ya ragu ƙwarai. Ɗan ruwan da ake saki rani da damina ya hana hanyoyin ruwa bushewa, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye hatsi. Wasu ƙauyuka ruwa ya kwanta a gonakinsu ya ƙi tafiya, wasu kuma ta wajen Gashuwa suna jiransa bai zo ba.

Tambayar da ke nan tsohuwa ce: wanda kogi ya fara ratsa ƙasarsa, nawa ya halatta ya riƙe?

An kai irin wannan ƙara gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Zubairu ɗan Awwam da wani mutumin Madina sun yi jayayya a kan magudanar da ke shayar da dabinonsu, gonar Zubairu ce a sama. Hukuncin da aka yanke ya ba Zubairu damar fara shayarwa, ya kuma wajabta masa sakin ruwan ga maƙwabcinsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo ma'aunin da aka sa wa rafukan Mahzur da Muzainib na Madina: na sama ya riƙe har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. Wato an amince cewa na sama yana da fifiko, amma an yi wa fifikon awo da abin da kowane manomi zai iya dubawa da ƙafarsa.

Malaman Malikiyya sun ƙara wani sharaɗi mai nauyi. Sun ce idan na ƙasa ne ya riga raya gonarsa, wani ya zo daga baya ya yi sabuwa a sama, to na farkon ake gabatarwa, don kada sabon zuwa ya kashe abin da ya tarar a raye. Badawa da Mangawa da Hausawan fadama sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma da su a wannan ruwa kafin a aza tubalin Tiga. Akwai kuma hadisin Bukhari da Muslim da ya hana riƙe rarar ruwa idan hakan zai hana dabbobi ciyawa, wanda ya shafi makiyayi kai tsaye.

Mai kare madatsun yana da hujjarsa. Zai ce shan ɗan Adam ya fi shayar da gona, kuma miliyoyin mutanen Kano ba za su zauna da ƙishi ba. Gaskiya ne, fiƙihu ma ya gabatar da ƙishin mutum a kan komai. Sai dai rigimar ba a kan ruwan sha take ba, a kan gona da gona ce. Can ƙasan hujjar kuma akwai wani tunani da ya daɗe a zukatan masu tsara ayyuka, cewa ruwan da ya bazu a fadama ɓarna ne, rana ce kawai za ta shanye shi. Wannan ruwan shi ke nutsewa ya cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogi. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna noma da su da itacen da fadamar ke bayarwa, suka samu cewa amfanin kowane ma'aunin ruwa a can ya ninka na aikin noman rani na Kogin Kano nesa ba kusa ba.

Saboda haka ba rushe madatsa ake nema ba. Abin da shari'a da lissafi suka haɗu a kai shi ne a yanka wa na ƙasa kasonsa, a sake shi a lokacin da malale ya saba zuwa, a kwashe kacalla daga magudanai, kuma a ji ta bakin mutanen Yobe da Borno kafin a ci gaba da madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin yi a kan Kogin Jama'are. Malaman da ke karantar da babin ruwa a zaurukan Kano da Haɗeja su ma suna da aiki: su fito da wannan hukunci daga littafi, su faɗe shi a gaban masu riƙe da makullin madatsun.