Haƙƙin Mai Keke a Titunan Abuja

An tsara Abuja a 1979 da mota a zuciya: manyan tituna masu faɗi irin na Kubwa da na filin jirgin sama, inda gudu ya zama al'ada. Mai keke kan raɓe a gefen kwalta, tsakanin kwalbati da tasi mai ɗibar fasinja ba sigina. Direba na ganinsa a matsayin cikas. Shi kuma yana ganin hanya ta kowa ce. A 2001, bas ta ture Ministan Sufuri Ojo Maduekwe cikin rami yana tafiya aiki a keke, duk da muƙaminsa.

Tambayar ita ce: wa ya fi haƙƙi a kan hanya? A fikihu, hanya ta jama'a ce, kuma bin ta halal ne bisa sharaɗin kada a cutar da wani. Hadisin Abu Sa'idil Khudri ya lissafa kamewa daga cutarwa cikin haƙƙoƙin hanya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure, ta ɗora wa mahayi da mai jan dabba da mai korar ta lamunin abin da ta taka. Bisa ƙiyasi da wannan hukunci, nauyi na ƙaruwa gwargwadon ɓarnar da abin hawa zai iya yi, don haka kason direba ya fi girma.

Mai keke ma bai kuɓuta ba. Wanda ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya fita da dare ba fitila, ya jefa kansa cikin halaka, ya kuma jawo wa direba alhakin rai.