Bindigar Kaka: A Aje Ko A Sayar?

A wasu gidaje na ƙasarmu, daga Agiye zuwa Gazawa, har yanzu akan tarar da tsohuwar bindiga rataye a zaure ko jingine bayan rumbu, ta yi tsatsa, gara ta ci ƙotarta. A Turai kuwa akwai masu tara irin waɗannan bindigogi na ƙarni na 19, suna biyan kuɗi mai kauri. To ga tambayata, ƴan'uwa ɗalibai: in dillali ya zo da ƴan jikkunansa, ya dace mu sayar? In kuma muka aje, me muke ajewa?

Ni da nake karatun harshe, daga kalmomi nake farawa. Bindiga, harsashi, albarushi, duk ukun daga Larabci muka aro su. Sunan ya biyo kayan ne, kayan kuma raƙuma suka ƙetaro da su ta hamada. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus, har ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a garinsa. Abin alfahari ne, ba musu. Amma cikin abin da ke tafiya arewa a wannan fatauci har da bayi. Ka ga ke nan bindigar da ta kare ganuwar wani, ita ce ta watse ƙauyen wani.

Sai 1899, da ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar nan. A watan Mayu suka yi wa Birnin Kwanni kisan gilla. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, Bafaranshe ɗan'uwansa da aka aiko ya tsayar da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe su biyun a wajajen Maijirgi. Galibin waɗanda suka ja kunamar bindiga a wannan tafiya baƙaƙen fata ne irinmu.

Mai tarawa na Turai yana duba shekarar ƙira da hatimin masana'anta: wannan Gras ce ta 1874, waccan Lebel ce ta 1886. Ban ce mugu ba ne, yana ma tsare ƙarfen fiye da mu. Sai dai a ɗakinsa bindiga tana da ƙota, ba ta da baki. Mu kuwa mun gaji ɓangarorin biyu: akwai jikan wanda ya riƙe ta, akwai jikan wanda aka auna da ita, wata ƙila ma a benci guda suke zaune a jami'a.

Wani zai ce, kai malam, yunwa ake, tsatsa za a ci? Gaskiya ne, kuma ba na zargin talakan da ya sayar don ya auno hatsi. Wani kuma zai ce a narke ta a yi hauya, tunda ga ƴan bindiga sun hana mutanen Gidan Rumji barci. Na fahimce shi. Amma narkewa ba ta goge abin da ya faru, shaida kawai take gogewa.

Ra'ayina, a aje ta, amma da labarinta duka, har da wanda ba ya da daɗin ji. Tun tsofaffi na da rai, mu zauna da su mu rubuta: wa ya kawo ta, da me aka saye ta, wane gari ta fuskanta? In gida ba zai iya riƙe ta ba, gara a kai ta gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai tare da wannan takarda. Biro da kaye sun isa wannan aiki, kuma hutu na tafe.