Gargaɗi ga Muridai bisa Tawakkali da Dabara

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayenshi da sahabbanshi.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa cikin ɗariƙa, na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, abin da yas sa ni rubuta wagga takarda, muridai biyu sunka yi jayayya gabana bayan wazifa. Guda yac ce tambayar labarin 'yan bindiga kamin a kama hanyar Shinkafi raunin yaƙini na, tunda ajali ba shi wuce ranatai. Guda ko ya bar gonatai damina biyu bisa jita-jita kaɗai, ga iyali da yunwa. Nic ce musu ku zamna, ku duka kun saki hanya.

Ku sani, Allah Ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata gare shi, cikin Suratul Ma'ida. An umurci Bani Isra'ila su shiga ƙasa mai tsarki. Malaman tafsiri sun ce ya aiki shugabanni 12 su gano halin mutanenta, yah hore su kada su faɗa ma kowa abin da sunka gani sai shi. Goma sunka warware alkawari, sunka watsa labarin ƙarfin ƙattan nan har zukata sunka karye. Biyu sunka cika, Yusha'u da Kalibu, sunka kira jama'a ga shiga ƙofa da dogara ga Allah. Jama'a sunka ƙi, anka hukunta su da ɗimuwa cikin daji shekara 40.

To ku lura. Annabi ne yay yi aiken, ashe neman labari ba shi warware tawakkali. Laihin goman nan watsa tsoro na. Kuma su an ba su umurni da alkawarin nasara. Kai fa, ya muridi, wa yab ba ka alkawari bisa hanyar Zurmi? In amintacce ya ce maka yau ba ta biyuwa, zamanka gida biyayya na, don Allah Ya hana ka jefa kanka ga halaka.

Dubi fiyayyen halitta ranar hijira, shekara ta 622. Ya ɓuya kogon Sauru kwana 3, Abdullahi ɗan Abubakar na kawo mai labarin Makka da dare, Amiru ɗan Fuhaira na koro tumaki su shafe sawu, ga jagora an ɗauka da lada. Shin akwai wanda yaf fi shi yaƙini? Shehu Usmanu ma ya bar Degel zuwa Gudu cikin 1804 da zama yaƙ ƙi, kuma Alkalawa ba ta faɗi ga yunƙurin farko ba, sai 1808.

Fa'ida. Dabara aikin gaɓoɓi ta, tawakkali aikin zuciya na, kowane da mazauninshi. In za ka gona ko kasuwa, tambayi wanda yaf fito can yau, ku tahi cikin jama'a da hantsi, ku komo kamin la'asar. Wanda uzurin tsoro yat tsare, shi yi wazifatai gida. In kai aka aika, faɗi abin da idonka yag gani ga mai gari ko liman, kada ka ƙara, kada ka rage. Mai ƙari ya bi goman nan, mai ragi ko ya ɗauki alhakin jinin ɗan'uwa.

In ka cika wanga duka, saki zuciyarka ga Ubangijinta, ka riƙe wuridinka, abin da yas same ka bayan nan rubutacce na, ba ka da zargi.

Allah Ka ba ƙasarmu lahiya, Ka tsare matahiya da manoma, Ka kuɓutar da waɗanda ad daji. Amin. Ta cika da godiyar Allah.